Raddi Ga Masu Cewa A Bar Na'ura Ta Zaɓa

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin masu koyon aikin manhaja a Sakkwato, tun daga ɗaliban kimiyyar kwamfuta har zuwa masu ƙananan shagunan da ke karɓar aikin makarantu da ofisoshi. Maganar ita ce, idan mutum zai gina manhaja mai buɗaɗɗen tushe da hannunsa, kada ya wahalar da kansa a kan madogaran da marubutan manhajar suka ce na ganin dama ne. Ya sauke tushen, ya buga configure, ya buga make, abin da na'ura ta tarar ta yi amfani da shi, abin da ba ta tarar ba ta tsallake. Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne, shi ya sa suka cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya. Suna cewa abin da aka kira na ganin dama ba shi da muhimmanci, cewa configure ya fi mai gini sanin abin da ya dace, cewa kuɗin data da ƙarancin wuta ba su bar mana damar kwashe-kwashe ba, cewa rage madogarai shi ne tsaro, sannan cewa tilasta wa ɗan koyo bin diddigin kowace madogara zai kashe masa gwiwa. Matsayina shi ne wannan hanya kuskure ce, kuma cutarta ta fi faɗa wa mai rubutu da Hausa da Ajami da Larabci fiye da kowa.

Sai a fara da fayyace abin da ake jayayya a kai, saboda mai karatun da bai taɓa yin aikin ba. Kusan babu manhajar da ke tsayuwa da ƙafarta ita kaɗai. Wadda ke sarrafa hoto tana jingina da wani laburare da ya iya karanta JPEG, wadda ke magana da intanet tana jingina da wani da ya iya ɓoye saƙo, haka dai. Waɗannan su ne madogarai. Wasu na dole ne, in babu su gini ba zai ma fara ba. Wasu kuwa an bar su a buɗe: in akwai su manhaja ta sami ƙarin iyawa, in babu ta ginu a haka da giɓinta. Kowace madogara ta irin wannan tana iya kasancewa a ɗaya daga hali uku, kamar yadda tsarin gini na Meson ya tsara su ƙarara: a kunna ta dole, a kashe ta dole, ko a bar na'ura ta duba ta yanke. Ba ina cewa a kunna komai ba, ba kuma ina cewa a kashe komai ba. Abin da nake yaƙa shi ne hali na uku, a duk lokacin da manhajar za ta fita daga hannun mai gini ta yi wa wani aiki.

Hujjarsu ta farko ita ce tushen sauran, kuma ita ce mafi rauni. Suka ce, da abin yana da muhimmanci da marubutan sun sa shi cikin na dole. Tambayar da ba su yi ba ita ce, wane ne ya yanke cewa ba dole ba ne, kuma da wane rubutu yake aiki? Ɗauki Pillow, laburaren da kusan duk mai aiki da Python ke amfani da shi wajen sarrafa hoto da ɗora rubutu a kansa. A cikin madogaransa na ganin dama akwai Raqm, wanda shi kuma ya jingina da HarfBuzz da FriBiDi. Aikin FriBiDi shi ne jera haruffa daga dama zuwa hagu inda ya kamata, aikin HarfBuzz kuma shi ne zaɓar siffar da harafi zai ɗauka a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Ga wanda ke rubuta Ingilishi kaɗai, rashin Raqm ba zai dame shi ba. Ga wanda aka ba aikin buga takardun shaidar kammala makarantar Islamiyya da sunayen ɗalibai cikin haruffan Larabci, rashinsa na nufin haruffa za su fito a wawwatse, kowane a tsaye shi kaɗai, kuma daga hagu zuwa dama. Abin da ya fi muni shi ne Pillow ba ya ƙin aiki a wannan hali. Yana komawa ga hanyarsa ta sauƙi ya zana abin da ya iya, hoto ya fito, ba tare da wani gargaɗi ba. In mai ginin bai iya karatun Ajami ba, ko kuwa da sunan boko ya yi gwajinsa, ba zai ga komai ba sai takardu sun isa hannun malamai.

Kada a ɗauka matsalar ta tsaya ga Ajami. Bokon ma da muke rubutu da shi yana da haruffa masu ƙugiya, kuma su ma suna rataye da wata madogara ta ganin dama mai suna ICU. SQLite, rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da ɗimbin ƙananan manhajoji, ya bayyana a takardunsa cewa a gininsa na asali bai san babba da ƙaramin harafi ba sai a haruffa 26 na Ingilishi. Ma'ana, in aka nemi "kano" zai kawo "Kano", amma in aka nemi "ƙaura" ba zai kawo "Ƙaura" ba, domin a wurinsa ƙ da Ƙ ba su da wata dangantaka. Ɗaya daga hanyoyin gyara wannan ita ce a gina shi da ICU, wadda ba a kunna ta sai an nema. Haka zancen jera sunaye. In manhaja ta jera su bisa lambar da kowane harafi ke da ita a Unicode, to Ɗahiru da Ɗanjuma za su faɗa can ƙasan jeri bayan Zainabu da Zubairu, alhali ƙa'idar Hausa da ICU ke ɗauke da ita ta san ɗ na bin d, ƙ na bin k, ɓ na bin b. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda sunanta kansa ke ɗauke da Ɗ, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin rajista da ya duba ƙarƙashin D bai ga sunan ɗalibi ba zai ce babu shi, ɗalibin kuma shi zai yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi a kan laifin da aka yi tun ranar gini.

Malaman usulu sun riga sun ba mu ma'aunin da ya dace da wannan: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. In aikin da aka ɗora maka shi ne fitar da rubutun Ajami daidai, to Raqm wajibi ne a kanka ko da marubutan Pillow sun bar shi a buɗe, domin su duniya gaba ɗaya suke rubuta wa, kai kuwa Sakkwato kake yi wa aiki. Garin nan yana zaune a kan tarin rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u cikin Larabci da Fulfulde da Hausa, da dama daga cikinsu suna ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da kuma hannun gidajen malamai. Duk wanda ya yi niyyar koya wa kwamfuta karanta irin wannan rubutu da Tesseract zai tarar cewa kayan horar da shi ba sa ginuwa sai da ICU da Pango da Cairo, waɗanda ba a bukatarsu in karatu kawai ake so da samfuran da aka riga aka horar. Har shekarun madogarar ma abin dubawa ne. Sai a Unicode 13, cikin Maris na 2020, aka ƙara wasu haruffan Larabci da ake rubuta Hausa da su, don haka HarfBuzz da ya girmi wannan shekara bai san yadda suke haɗuwa da maƙwabtansu ba, ko da an ɗora samfurin haruffa mai kyau irin Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano. Samun madogarar a kan na'ura bai isa ba, sai an san wacce aka samu.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta biyu, cewa configure ya fi mu sani. Gaskiya ne an yi shekaru fiye da talatin ana goge wannan fasaha, tun da David MacKenzie ya fara Autoconf, manhajar da ake samar da configure da ita, a 1991, kuma tana yin abin da aka ƙirƙire ta dominsa da kyau. Sai dai tambayar da take amsawa ita ce, me ke kan wannan na'ura a yau? Ba ta amsa tambayar me mai aikin yake bukata, ba ta ma san da shi ba. Misalin da ya fi kowane yawan kama mutane shi ne Python kansa. Mutum ya sauke tushensa a kan sabuwar Ubuntu da ba a sa mata ƙunshin libssl-dev da libsqlite3-dev ba, ya gina, komai ya tafi lafiya. A can ƙarshen dubban layukan da suka wuce a allo an rubuta sunayen sassan da ba su ginu ba, amma wa ya tsaya karantawa? Sai ya zo sauke wani abu da pip ya ga ya ƙi, domin babu sashen ssl. Sai ya ɗora Django ya ga ya faɗi, domin babu sqlite3. Daga nan ya fara zargin intanet, ya zargi layin waya, ya sake sayen data, alhali cutar tana cikin ginin da ya ɗauka ya kammala. Tun daga Python 3.10 ma, OpenSSL da bai kai 1.1.1 ba daidai yake da babu, don haka mai tsohuwar na'ura yana iya ganin laburaren a zaune amma a tsallake shi.

Ɗaya fuskar ta fi ɓoyuwa. Wani lokaci na'urar mai gini cike take da laburarori da ya tara a ayyukan baya, configure ya gan su ya ɗaure manhajar da su ba da saninsa ba. A kan kwamfutarsa komai na tafiya. Ya kwashe ya kai kwamfutar ofishin da ya ba shi aiki, sai ta ƙi tashi tana neman fayil ɗin da bai taɓa jin sunansa ba. Ko kuwa ta yi wata shida tana aiki, ranar da wani ya share wani ƙunshi da ya ɗauka ba shi da amfani, ta mutu. Masu kula da Gentoo, wani nau'in Linux, sun daɗe da ɗaukar irin wannan ɗaurin ɓoye a matsayin aibi da ake kai ƙararsa a gyara, shi ya sa suka gina tsarinsu a kan alamomin USE, inda mai na'ura ke faɗin abin da yake so da wanda ba ya so. Debian kuwa tana gina ƙunshinta a cikin tsaftataccen muhalli da babu komai sai abin da aka lissafa a Build-Depends, har ma tana da Build-Conflicts don hana wani abu kasancewa a wurin lokacin gini, sannan ta ajiye bayanin abin da aka yi ginin da shi. Waɗannan mutane ne da ke gina dubban manhajoji, kuma ba su yarda su bar wa sa'a ba. Manyan ayyukan ma da kansu suna janyewa daga yin shiru. Pillow tun sigar 3.0 ya mai da zlib da libjpeg abin da gini zai tsaya in babu su, sai in mutum ya ce a kashe. PostgreSQL 16, da ya fito a Satumba 2023, ya koma gini da ICU kai tsaye, in bai same ta ba configure ya tsaya cik har sai an kawo ta ko an rubuta --without-icu. Marubutan da ake cewa a dogara da hikimarsu, su ne ke cewa mai gini ya buɗe baki ya faɗi zaɓinsa.

Hujja ta uku ita ce ta aljihu, kuma ba zan raina ta ba. Data ta yi tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Wuta kuwa kowa ya san halinta, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gasa tsohuwar kwamfutar da aka sa ta gini na tsawon sa'o'i. Ɗalibin da ke lissafin kowace megabait yana da gaskiya in ya ƙi sauke abin da ba ya bukata. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Ƙunshin da ake bukata don gina ssl ko sqlite3 ƙanana ne in aka gwada su da tushen Python kansa, balle a gwada da asarar sake gini daga farko bayan an gano giɓin, da man janareta, da ranar da ta tafi a banza. Wanda ya zauna ya karanta jerin madogarai kafin ya fara, shi ne ke sauke daidai abin da yake bukata sau ɗaya. Wanda ya bar wa na'ura shi ne ke gini sau uku, an gudu ba a tsira ba. In ma talaucin data ne damuwar, maganinsa a haɗa kai ne: ɗakin kwamfuta guda ya kafa apt-cacher-ng a kan na'ura ɗaya, duk ƙunshin da mutum ɗaya ya sauke sauran su ɗauka daga gare ta ba tare da sun taɓa intanet ba. Wannan kuma ba ya yiwuwa da kyau sai an san jerin abin da ake bukata, wato abin da masu wancan ra'ayi ke cewa kada a damu da shi.

Hujja ta huɗu ce mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne tsantsa. Kowace madogara ƙofa ce, kuma ƙofar da ba a gina ba ɓarawo ba ya shiga ta cikinta. A Afrilun 2014 aka bayyana ramin Heartbleed a OpenSSL, wanda ya fito daga wani ƙarin sashe da mafi yawan masu amfani ba su bukata, kuma shawarar da aka bai wa wanda ba zai iya sabuntawa nan take ba ita ce ya sake gini tare da kashe wannan sashe. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya tona ɓarauniyar hanyar da aka dasa a xz siga 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga ta ssh na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. OpenSSH na asali bai jingina da liblzma, laburaren xz, ba. Wasu nau'o'in Linux ne, irin su Debian da Fedora, suka ɗaura shi da libsystemd don wata 'yar bukata, ita kuma libsystemd ta jawo liblzma, ta nan dafin ya isa ƙofar shiga na'ura. Duk wanda ya ce a rage madogarai saboda wannan, ina tare da shi.

Sai dai a duba da kyau, wannan hujja ba tasu ba ce. Wanda ya bar na'ura ta zaɓa bai rage komai ba, ya dai rufe ido ne. In laburaren na nan za a ɗaura shi ko yana so ko ba ya so, kuma ranar da aka yi shelar rami a cikinsa ba zai iya cewa manhajarsa na ciki ko ba ta ciki ba. Ragewa ta gaskiya ita ce a rubuta --without ko --disable da gangan. Labarin xz ɗin ma yana ɗauke da darasin da ya rushe matsayinsu gaba ɗaya. Daga cikin abin da wanda ya dasa ɓarauniyar hanyar, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi, akwai ɗigo guda da ya saka a cikin ɗan gwajin da tsarin gini na CMake ke yi don ganin ko na'ura na da Landlock, wata katangar tsaro ta Linux. Saboda ɗigon, gwajin kullum faɗuwa yake yi, tsarin gini kuma ya ɗauka katangar ce babu, ya ci gaba abinsa ba tare da ita ba. Babu ƙara, babu gargaɗi, domin a tsarin "in an samu a yi, in ba a samu ba a wuce", faɗuwar gwaji ba laifi ba ce. Da a ce ginin yana bisa sharaɗin lallai sai da Landlock, da ya tsaya a ranar farko, wani ya tambayi dalili. Madogarar ganin dama ba kullum ƙari ne na ado ba, wani lokaci ita ce kariyar kanta, kuma shirun da ake yaba wa shi ne mafakar da maƙiyi ya zaɓa.

A nan wani zai ce, to shi ke nan, a kunna komai a huta. Wannan ma gudun tunani ne da wata riga. Bayan faɗaɗa ƙofofin da aka ambata, akwai haƙƙin lasisi. FFmpeg, wanda masu yanka bidiyon tafsiri da wa'azi ke amfani da shi ko sun sani ko ba su sani ba, ba ya karɓar libx264 sai an rubuta --enable-gpl, kuma in aka haɗa wannan da libfdk-aac sai an ƙara --enable-nonfree, wanda ke haramta rarraba abin da aka gina ga kowa. Mai kunna komai yana iya raba wa mutane abin da ba shi da izinin rabawa. Alhali abin da mai ɗora aya ko hadisi a kan bidiyo yake bukata ƙalilan ne kuma sanannu: FreeType da HarfBuzz da FriBiDi, da libass in fassarar ƙasan allo zai yi.

Wani kuma zai ce, me ya kai mu gini tun farko, ga ƙunshin da aka riga aka gina, ga Docker? A mafi yawan lokuta wannan shawara ce mai kyau, kuma wanda apt ya wadatar da shi kada ya ɗora wa kansa gini. Amma ɗaukar ginin wani ɗaukar zaɓinsa ne, don haka tambayar tana nan. Pillow ɗin da pip ke saukewa, tun siga 8.2.0 ta 2021, yana zuwa da Raqm a cikinsa, sai dai yana neman FriBiDi a kan na'ura lokacin da yake aiki, in bai same ta ba ya koma hanyar sauƙi. Sakamakon haka manhaja guda tana iya fitar da Ajami daidai a kwamfutar mai rubuta ta, ta fitar da shi a wargaje a cikin siririn akwatin Docker da aka rage wa kaya. Layi ɗaya na features.check("raqm") a farkon manhajar, tare da umarnin ta ƙi tashi in amsar babu ce, ya isa ya toshe wannan.

Saura hujja ta ƙarshe, ta tausayin ɗan koyo. Na yarda wanda ke gwaji a kwamfutarsa don ya ga yadda abu ke tafiya ba a ɗora masa komai, ya buga configure ya kalla. Maganata a kan wanda zai miƙa aiki ne. Kuma abin da ake nema gare shi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ya karanta fayil ɗin INSTALL da abin da ./configure --help ya nuna. Ya yanke hukunci a kan kowace madogara, kunnawa ko kashewa, in tsarin Meson ne ya sa auto_features a kan disabled sannan ya kunna abin da yake so ɗaya-ɗaya, in CMake ne ya yi amfani da umarnin da ke wajabta ƙunshi ko hana nemansa. Ya rubuta wannan umarni a fayil ya ajiye tare da aikin, da sigar kowane laburare. Sannan ya gwada da rubutunmu, da suna mai Ɗ da Ƙ, da layi guda na Ajami. Wanda ya iya rubuta manhajar rajistar ɗalibai ba zai gaza wannan ba, kuma a nan ne ma zai fara fahimtar abin da ke ƙarƙashin aikinsa. Abin da ke kashe gwiwar ɗan koyo da gaske shi ne kwana biyu yana fama da pip da ya ƙi aiki bai san dalili ba. Al'adar rubuta daga ina aka ɗauko abu ba baƙuwa ba ce a garin nan. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya yi, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga gare su, saboda na baya su san inda iliminsa ya jingina. Fayil mai layi goma da ke faɗin abin da manhaja ta jingina da shi ɗan ƙaramin aiki ne a kan wannan, kuma amfaninsa na bayyana ne ranar da mai ginin ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, aka bar wani da na'urar.

Saboda haka kirana ga malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi shi ne, kada su karɓi aikin da aka gina daga tushe sai da fayil ɗin umarnin gininsa, kuma su sa a sake gina shi a kan wata na'ura da ba ta ɗalibin ba. Shugabannin makarantu da ofisoshin da ke biyan kuɗi a yi musu manhaja kuwa, ba sai sun san configure ba. Kafin su biya cikon kuɗi, su sa a shigar da sunan Ɗahiru da ƙaramin harafi a wurin nema su ga ko zai fito, su duba inda ya faɗa a jerin sunaye, sannan a buga layi ɗaya na Ajami a miƙa wa malamin da ya iya karanta shi. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, aikin bai kammala ba, a mayar wa mai shi ya sake gini.